Kofaton Tunkiya Mai Lamba Tara

Shekara goma sha ɗaya ke nan Baba Mai Tumaki yana kula da garken cibiyar binciken ƙashi. Kafin nan ya yi dako, ya yi gadi, ya kuma yi kiwon kaji har kajin suka gaji da shi. Tumaki ashirin ɗin da yake ciyarwa yanzu duk an yi musu tiyata a gadon baya: akan dasa wani ɗan abu tsakanin ƙasusuwa biyu, ya riƙe su har su haɗe, sannan ya narke a jiki da kansa. Matarsa takan ce tumakin sun fi shi gata, tunda nasa bayan man zafi kawai yake samu.

Wata huɗu bayan tiyata, tunkiya mai lamba tara ta fara ɗingishi. Likitar cibiyar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, ta duba hoton ƙashi, ta yi zargin abin ya narke da wuri. Ta ce ranar Alhamis za a yi wa tunkiyar allurar mutuwa, a buɗe bayan a gani.

"Likita, ba baya ba ne," in ji Baba. "Ƙafa ce."

"Baba, hoto fa na gani."

"Ke kin ga hoto, ni na ga tafiya. Mai ciwon baya ba ya riga kowa zuwa wurin abinci. Tambaye ni, ni ne gwani."

"To, me ya sami ƙafar?"

"Ku ne mana. Kun shimfiɗa musu roba mai laushi don kada su zame. A ina kofato zai goge? Ya yi tsawo, ya lanƙwashe. Ba ni kwana uku, 'yata."

"Biyu. Kuma ban yi alkawari ba."

Kayar da tunkiyar don yanke kofaton ba zai yiwu ba saboda aikin da ke bayanta. Don haka ya durƙusa, ya ɗaga ƙafar a hankali, yana rage kofaton kaɗan-kaɗan, ita kuwa tana taunar masa wuyan riga.

Ranar Laraba da safe aka sake ta a barandar siminti. Sau uku ta kai ƙarshe ta dawo, ko tangaɗi babu. Likitar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce an fasa allurar.

"Sauran sha taran ma a gyara musu, Baba."

"Duka? Ƙafa huɗu-huɗu?"

"Duka. Ai kai ka jawo."