Katifun da Aka Shanya a Rana

Wata rana na shirya faɗa tun daga gida.

Ranar ziyarar ɗalibai ce a wata makarantar kwana ta gwamnati, ta 'yan mata. Barira, 'yar yayana, tana aji ɗaya a can.

Barira tana da larurar fitsarin kwance. An yi na asibiti, an yi na gida. Likita ya ce a yi haƙuri, da kansa zai bari.

To, 'yan makaranta ba su san haƙuri ba.

Duk safiyar da abin ya faru, sai manyan ɗakinsu su ɗora mata jiƙaƙƙiyar katifar a ka, su zagaya da ita ɗakunan kwana, ana tafi ana yi mata waƙa. Wai al'ada ce, su ma haka suka tarar.

Yarinyar nan ta daina shan ruwa daga azahar, don tsoron wayewar gari.

Da ta zo hutun farko, leɓe duk ya tsage, ido ya faɗa. Ta ce ita da boko har abada. Da ƙyar da siɗin goshi aka lallaɓa ta koma.

Shi ne Yaya ya ce da ni in je in gani. In har yanzu kuka take, in haɗo mata kayanta, karatun ya ƙare.

Duk wanda ya san ni ya san ba a aike na sulhu. Na ɗauki ƙatuwar jaka babu komai a ciki, baki kuma cike da magana.

Ina shiga harabar ɗakunan kwana na ja na tsaya.

Katifu ne birjik a rana. Kan katanga, kan benci, kan ciyawa. Na ce a raina, ikon Allah, makaranta na zo ko kasuwar 'yan katifa?

Sai ga Barira a guje. Kumatu sun ciko. A hannunta har da gorar ruwa, ga shi la'asar ta wuce.

Ta ja ni gefe ta ba ni labari.

Ashe an naɗa musu sabuwar shugabar ɗaki, wata 'yar ajin ƙarshe, Rifkatu. Satin da ta karɓi ɗakin ta kafa doka: da asuba kowa, babba da yarinya, ta yayyafa wa katifarta ruwan magani, ta fitar da ita rana. Ta ce kuɗin cizo ne suka yi yawa.

Manya suka yi ta gunaguni. Ita ko kullum tata katifar ce take fara fita.

Yanzu kowace katifa a jiƙe take fita. Babu mai iya nuna ta wani. Waƙa ta rasa wadda za a yi wa, ta mutu.

Na ce a kira mini yarinyar.

Ta zo, 'yar siririya, ta durƙusa ta gaishe ni. Ni kuwa zuciyata ba ta gama hucewa ba.

Na ce, "Ke ce shugaba, ga bulala a hannunki. Me ya hana ki zane waɗanda suka wulaƙanta ta?"

Ta ce, "Mama, bana zan gama. In na dake su, ranar da na tafi a kanta za su rama. Amma shanyar katifa, ko ba na nan za a ci gaba da yi."



Ni da furfurata iyakar tunanina yau ne. Yarinyar da na haifi sa'arta tana tunanin baɗi, lokacin da ba ta nan.

Na ji ƙaunarta har cikin raina. Na riƙe hannunta ina ta sa mata albarka, ita da iyayen da suka yi mata tarbiyya, har hawaye ya zubo mini. Ita kuwa duk kunya ta kama ta, sai wasa take da bakin ɗankwalinta.

Da na koma gida, Yaya ya dubi jakar ya ga yadda ta tafi haka ta dawo.

Ya ce, "Ina kayan Barira?"

Na ce suna can, katifarta ma tana shan rana tare da na 'yan'uwanta.

Darasi: Hana zalunci ba sai da bulala ba. Wani lokaci rufin asiri ne maganinsa. In Allah Ya ba ka iko, ko na ɗaki ɗaya ne, ka tsara abin da zai kare mai rauni ko bayan ba ka nan.

Ku tura wa malamai da iyaye, da duk wani ɗalibi da aka ba shugabanci. Wataƙila a makarantarsu akwai wata yarinya da ta daina shan ruwa tun azahar.