Hular Ta Fito, Tsagar Ta Tafi

Ban taɓa mantawa da Larabar da Ya Falmata ta shigo shagonmu na hoto a Haɗeja ba. Bayan ambaliya ne, ruwa bai gama janyewa ba. Tsohuwa ce daga wani ƙauye wajen Baturiya. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da hoton marigayi mijinta, baƙi da fari, ya sha ruwa har ya kumbura.

Ta ce, "Ɗan nan, shi kaɗai ruwa ya bar mini. Hular kawai za ka sa wa launi. Shuɗiya ce, ni na saya masa. Kada ka taɓa sauran."

Ku yaran shago da kuka zo bayana kun san ƙa'idar. A bar hoto ya bushe, a ɗauke shi a sikana ya shiga kwamfuta, a ajiye kwafin farko gefe, sannan a zagaye wurin da ake so a manhaja a zuba masa launi. Ni kuwa lokacin shekarata biyu a kan kwamfuta, kaina ya yi girma. Na ɗora hoton da danshinsa. Da na zo ɗagawa, fuskar ta manne a gilashin sikanar ta saɓule. Na ce a raina ai na riga na ɗauka a kwamfuta.

Hula ta fito shar, wallahi ta yi kyau. Sai karambani ya ja ni. Na ƙara girman hoton, na ga layuka a kumatu, na ɗauka ƙarzuwar ruwa ce, na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge tas. Na adana a kan kwafin farkon, ya shafe shi.

Ranar Asabar ta dawo, na miƙa mata sabon hoton da na buga. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske.

"Hular tasa ce. Wannan kuma waye? Ina tsagarsa?"

Innalillahi! Tsagar gado na goge, irin ta mutanen Borno. Ni da kakana ma yake da ita! Maigidan shagon ya dube ni, ya ce, "Ina kwafin farko?" Babu shi.

Na ce, "Iya, ki yafe mini. Faɗa mini guda nawa ne a kowane kunci, yanzu in mayar."

Ta riƙa motsa yatsu a kan nata kuncin. Can ta ce, "Shekara arba'in ina kallon fuskar nan, ban taɓa ƙirgawa ba."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta nemi almakashi, ta yanke hular, ta ƙulle a bakin mayafi, ta bar mini fuskar a kan tebur.

Fuskar tana nan cikin durowata har yau. Shi ya sa nake muku tsawa in na ga hannunku ya wuce inda aka ce. Mai hoto ya fi ka sanin abin da ke cikinsa. In an ce hula, tsaya a hula.