Shawarar da Ba ta Taɓa Ido Ba

Ni ce ƴar fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma da maƙwabta take magana sai ta ce "waccan yarinyar". Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenmu, ita ma haka aka yi mata a ƙauyensu kafin aure ya kawo ta Yamai. Ƙannena tana jan kunnensu, tana shafa kansu, har kitso take yi musu tana zaginsu suna dariya. Ni kuwa ko kwanon abinci ba ta miƙo mini hannu da hannu, sai ta ajiye ta kau da kai. Na saba, ko in ce na ɗauka na saba.

Gidanmu yana Bukoki. Baba tela ne a Kalley, kusa da babbar kasuwa, Inna kuma tana tuyar ƙosai da fanke a ƙofar gida kowace safiya. A dangi kaf ni ce na fara haye gadar kogi na shiga jami'a, kuma kowa a layinmu ya san haka, don Baba bai bar kunne ko ɗaya bai faɗa masa ba.

A shekarata ta biyu abin ya same ni. Akwai jarrabawar baki, wadda ɗalibi zai zauna gaban malamai uku ya yi bayani. Na yi karatu, wallahi na yi, har a mafarki ina maimaitawa. Ina zama gabansu sai ƙirjina ya ɗaure kamar an ja zariyar wando, harshena ya bushe. Ina ganin bakin wani mushe, wato ɗaya daga cikin malaman, yana motsi, ba na jin abin da yake cewa. Ban ce uffan ba, na tashi na fita. Haka na maimaita shekara, a gida kuma na ce ai tsarin karatun ne aka sauya. Dokar sashenmu a fili take: wanda ya sake faɗuwa, ya tattara takardunsa ya tafi. Saura mini dama guda ke nan, kuma ko tunanin ɗakin nan na yi sai zufa ta keto mini.

Bayan ɗakin shan magani na jami'a akwai wani ƙaramin ofis, buro muke cewa. A ƙofar an rubuta da Faransanci cewa wurin saurare ne, amma mu ɗalibai buron mahaukata muke ce masa. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ina wucewa kamar mai neman famfo. A na huɗu matar da ke ciki ta leƙo ta ce, "Kai, famfo yana can baya. In kuma ni kake nema, shigo."

Madam ke nan. Bazabarmiya ce, dattijuwa, haifaffiyar Gaweye a bakin kogi, Hausarta kuma ta kasuwa ce. Zabarmanci bai raba mace da namiji a magana ba, saboda haka har muka rabu "kai" take ce mini. Da ta ji Faransancina yana sarƙewa don tsoro, sai ta juya Hausa. Ta ce, "Ɗiyata, ni ba likitan mahaukata ba ne. Ni mai shawara ne. Kuma abin da ka faɗa nan, nan zai tsaya."

Na zaci magani za ta rubuta, ko ta yi mini huɗuba. Sai ta ce in cire takalmi in ɗora ƙafa a kan siminti. Ta ce in ja numfashi a hankali in ji inda yake shiga, in sake shi in ji inda yake fita. Sannan in faɗa mata abin da kunnena ke ji yanzun nan. Raina ya ɓaci. Na ce, "Madam, cikin wannan rana na hayo gada don a koya mini numfashi? Ai tun ran da aka haife ni nake yinsa!" Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Jikinka yana nan, kai kana can gaban mushe uku. Tun bara ba ka fito ɗakin nan ba. Dawo tukuna, mu gaisa." Na yi tsaki a ciki, na rufe ido don dai a rabu lafiya. Na ji fanka tana ƙara, na ji akuya a bayan taga, na ji wani yana fama da babur ya ƙi tashi. Simintin kuma da sanyi. Na daɗe rabona da in lura cewa wani abu yana da sanyi.

Duk Laraba da la'asar nake zuwa. Wata rana ta ba ni kofin ruwan randa ta ce in sha kamar ban taɓa shan ruwa ba. Wata rana ta ce in na zo alwala kada in yi ta kamar mai gudun kora, in ji ruwan a kowane yatsa. Daga baya ta fara zama a matsayin mushe, ta haɗe fuska tana jefo mini tambayoyi, in ƙirjin ya fara ɗaurewa sai mu tsaya in nemo ƙafafuna a ƙasa. Ba ta taɓa ce mini tsoron zai tafi ba. Cewa take yi zai zo, in bar shi ya zauna gefe, in ci gaba da magana.

To, Laraba ta sa ina dawowa gida a makare. Ran nan na tarar da Inna tana wanke kaskon tuya. Ba ta dube ni ba, kaskon ta yi wa magana: "Wai lakkol ɗin nan, makarantar taku, ba a tashi ne ranar Laraba?" Na gaji, ban auna ba, na ce, "Ina biyawa wurin mai shawara ne."

Sai ta saki kaskon. "Shawara? Innalillahi!"

A bakinmu kalmar ɗaya ce: shawarar da ake ba mutum, da ciwon shawara mai mai da ido rawaya. Inna ciwon ta ji. Kafin in ankara ta kama haɓata da jiƙaƙƙen hannunta, ta juya fuskata wajen haske, ta ja fatar idona ƙasa da babban yatsa. Hannun yana ƙamshin sabulu da man gyaɗa. Tun da na yi wayo ban san ranar da ta taɓa fuskata ba. Na buɗe baki in gyara maganar, sai na mai da shi na rufe.

Kai, na sha wuya! Washegari aka kafa mini doka: ba mai, ba gyaɗa, ba ƙwai, ba nama. Ku duba fa, gidan mai tuya. Ƙamshin ƙosai ne ke tashe ni, in fito in wuce shi da farin koko. Ta samo saiwar rawaya a kasuwa ta jiƙa a ƙwarya, safe da yamma sai na shanye kofi guda tana tsaye a kaina, ɗacinsa har cikin kunne. Rake kuwa na sha har muƙamuƙina ya gaji. Kullum sai ta ja mini kunne: "Kada ki yarda matar nan ta yi miki allura, shawara ba ta son allura." In ce to. Kuma kowace safiya kafin in fita sai ta tsayar da ni a zaure, ta kama haɓata, ta duba idon dama, ta duba na hagu, ta ce, "Da sauƙi." Wata uku muna haka.

Da na ba Madam labari ta yi dariya har da hawaye, tana cewa, "Wayyo, ni na jawo maka, da Hausata ta kasuwa!" Can ta share ido ta tambaye ni me ya hana in gyara. Na ce ai ciwon shawara ciwo ne mai mutunci, ana zuwa gaishe ka. In kuwa aka ji a Bukoki cewa ɗiyar tela tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, shi ke nan, an ce boko ya taɓa ta, Inna kuma ta ce in zauna gida. Madam ta ce, "Shi ke nan dalilin?" Na ce shi ke nan. Ta yi shiru, irin shirunta mai ban haushi. Na dubi ƙafafuna, na ja numfashi, sai na ji bakina ya ce, "In na faɗa, za ta daina duba idon." Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ran da na faɗi jarrabawa. Madam ba ta ce in je in faɗi gaskiya ba. Ta ce, "Ba ni zan gaya wa Inna ba, maganarka ce. Ran da ka shirya, ƙofa tana buɗe, kai da shi."

Ban shirya ba, Inna ce ta shirya. Saura sati guda jarrabawa, ranar Laraba, na ga ta ɗaura atamfar zuwa biki ta yafa mayafi. Ta ce wa ƙofa, "Wata uku magani bai ƙare ba. Yau sai na ga mai shawarar nan da idona." Muka hau faba-faba, ƙaramar motar hayar nan, muka sauka muka kama taksi. A kan gada ƙirjina ya ɗaure tamau. Na zare ƙafa daga takalmi na taka ƙarfen motar, ina jin zafinsa, ina kallon masu wanki a bakin ruwa. Inna ba ta taɓa haye kogin nan don jami'a ba, tana ta kallon gine-gine.

Ta shiga buron ta duba dama ta duba hagu. Ba gado, ba kwalaben magani, sai kujeru uku da randa da fanka. Madam ta tashi ta tarbe ta, "Fofo, Inna, sannu da zuwa." Suka gaisa, gida, yara, zafi. Sannan Madam ta dube ni.

Na cire takalmi. Na faɗa duka: faɗuwar bara, ƙaryar tsarin karatu, ɗaurewar ƙirji, dama gudan da ta rage, da ko wace irin shawara ce ake yi a ɗakin nan. Ban tsaya ba ko sau ɗaya. Da na gama na sunkuyar da kai ina jiran salati.

Inna ta gyara mayafi. Madam ta yi wa magana, ba ni ba. Ta ce, "Madam, ƙanena da shawara ya rasu, ni na yi jinyarsa. Na san idon mai shawara. Ran farko na tsorata, amma kafin sati ya zagayo na gane idon yarinyar nan fari ne tas."

Na ɗago kai. Madam ta ce, "To, Inna, me ya sa ka ci gaba?"

"Tun bara nake ganinta tana ramewa. Ta zauna gaban tuwo tana kallon bango. Ƴar fari ce, da wane baki zan tambaye ta? Uban kuma in na faɗa masa sai kasuwa ta ji. Ina nan ina ƙonewa a ciki, sai ta kawo mini ciwo mai suna. Na ce to, wannan dai na iya jinyarsa, bari in riƙe shi har ta kawo na gaskiyar."

Ban san sanda na ce, "Haba Inna! Wata uku ina shan ɗaci!" ba. Ta ce wa randa, "Rawaya ba ta kashe kowa ba." Na ce, "Ƙosan fa?" Ta ce, "Wannan ladan ƙarya ne." Madam ta kife a kan tebur tana dariya, ni ina dariya ina kuka, Inna kuwa ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Kafin mu tafi ta tambayi Madam ko numfashin nan yana yi wa tsofaffi, don ita ma wani lokaci a gaban kasko ƙirjinta yakan riƙe. Madam ta ce ta cire takalmi. Ta cire.

Ranar jarrabawa tsoron ya zo kamar yadda Madam ta ce zai zo. Na zare ƙafafuna a ƙarƙashin tebur na taka siminti, na ji fanka, na ji wani mushe yana juya takarda, na fara magana. Sau biyu na kakare, sau biyu na dawo. Ban yi abin a-zo-a-gani ba, amma na ci, na kuma gama karatuna.

Madam ta yi ritaya yanzu, wata matashiya ce a buron. Nakan gamu da ita jefi-jefi a Kalley tana cinikin kayan miya, ta ce, "Ɗiyata, kana nan ko kana can?" In ce ina nan, Madam. Ban san yadda ake gode wa mutumin da ya zauna da kai yana shiru har ka ji abin da ke cikinka ba. Nakan dai karɓi kwandonta in raka ta bakin titi, in yi mata addu'a bayan salla. Allah ya saka mata da alheri, ita da Hausarta ta kasuwa.

Da safen jarrabawar nan, na fito zan tafi, Inna ta tsayar da ni a zaure. Ta ɗora mini ƙunshin ƙosai mai zafi a tafin hannu, hannu da hannu. Sannan ta kama haɓata ta juya ni wajen haske, alhali ni da ita mun san babu abin dubawa. Ta duba dama, ta duba hagu, ta ce, "Fari tas. Tafi."

Har yau ba ta faɗi sunana ba. Ina da aure, ina da aiki, ƴaƴana biyu suna ce mata kaka. Amma duk ran da na je Bukoki, kafin in ajiye jaka sai ta goge hannu a zani ta ce, "Ke, zo in ga idon." Sai in miƙa mata fuska.