Tsarabar Yaya daga Nguru

Mun tashi da asuba daga Gure, raƙuma ɗauke da kanwa da fatu, muka nufi Nguru inda jirgin ƙasan Ingilishi yake tsayawa. Ƙarshen bazara ne, kowa idonsa na gabas yana jiran hadari. Tun kafin mu fita gari madugunmu ya ja mana kunne: a sayar, a saya, a juyo, don kada ruwan shuka ya sauka muna ƙasar mutane. Wanda ya san yashin Gure ya san dalili. Damshin farko ba ya jiran kowa, in ka makara geronka ya makara, kuma gonarmu ta gidaje biyu ce, nawa da na Yayana, hannuna kaɗai take kallo tunda idanunsa suka mutu.

Yayan nan nawa shi ya jefa ni cikin son kurket. Ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wani Bature a Kano, can ya ga wasan, ya dawo ya koya mini da sanda da ƙwallon goriba a bayan gida: mai jifa ya jefo, mai duka ya kare sanduna uku da ke bayansa, in ya make ta sai gudu. Ostireliya muke goya wa baya, kuma dalilin ba mai nisa ba ne. Duk ranar da suka cinye Ingila, maigidan Yaya ba ya iya cin abinci, sai kazar ta zama ta kuku. Da na je sallama na tambaye shi tsarabar da yake so, sai ya ce, “Ba na son goro, ba na son turmin atamfa. An ce bana suna karawa. Ka zo mini da labarin wanda ya ci.”

Hanya ta yi daɗi, ban da zafi. Tudun yashi, kwari mai dabino da kaba, sai wani tudun. A wani kwari matan makiyaya suka sayar mana da nono mai tsami da arhar da ta sa wani abokin tafiyarmu, mutumin Gidigir, ya sha har ya kasa hawa raƙumi. A bakin iyaka ɗan duwan, wato ma’aikacin kwastan, ya zira hannu cikin kowane buhun kanwa kamar zai tarar da zinariya, ya fito da hannu fari fat, ya ce mu wuce. Daga Machina kuɗi suka canja fuska, tamma ta koma baƙuwa, sai sule da kwabo, kuma tuwon da ke ƙosar da mutum biyu a Gure nan da ƙyar ya ishi ɗaya.

Nguru kuwa hayaniya ce da ƙarar jirgi. Na sayar da kayana da wuri na shiga cigiyar inda zan ji labarin kurket, har aka nuna mini wani kanti da Baturensa ke da akwatin rediyo. Akawun kantin, mutumin Ikko ne mai Hausa kamar an tauna an furzar, ya yi mamakin ganin mai rawani yana tambayar kurket. Ya ba ni wuri ƙarƙashin taga. Akwatin ya fi yawan shiii da ƙarar soya gyaɗa, maganar na zuwa tana tafiya, akawu na tsinto mini abin da ya samu.

Ba na jin Turanci, amma na yi zama da maroƙa. In ɗan Ingila ya make ƙwallo, muryar mutumin akwatin sai ta tashi kamar an yi masa kyautar doki. In namu ne ya make, sai ya faɗe shi a sanyaye ya wuce zancen gajimare. Jaridar da jirgi ke kawowa daga Ikko ma haka, ta tsufa a hanya, kuma duk hotunan na ’yan Ingila ne. Akwai wani gwanin Ostireliya da Yaya ke yabo, ban ga ko ƙeyarsa ba. Duk da haka, Allah ya sani, daɗi na ji har cikin raina: ga ni zaune a gindin taga, mutane na gudu a wata ƙasa bayan teku, zuciyata na gudu tare da su.

Matsalar kurket ita ce ba ya ƙarewa rana ɗaya. Ayari ya ɗaure kaya ana tsakiyar wasa, Ostireliya na kan gaba. Madugu ya dube ni ya ce, “Malam, hadari na haɗuwa a arewa, kai kana gadin akwati?” Na ce su yi gaba, zan tarar da su. Raƙumina ya bi sawunsu da kallo, ni na koma gindin taga.

Washegari akwatin ya yi ta surutu ba tafi ba ihu. Akawu ya leƙo fuska a murtuke, ya ce ruwa ake yi a Ingila, an tashi wasa, babu wanda ya ci. Baturen kanti kuwa har da murmushi, ruwa ya cece su. Ni kalmar ruwan ce ta tuna mini da gona. Ko sallamar kirki ban yi ba na hau raƙumi.

Tun daga bayan Machina na fara jin ƙamshin ƙasa. Yashi ya yi duhu, mutane sun cika gonaki, wasu ma har sun gama sun rataya sungumi. Ban tarar da ayari ba sai a ƙofar Gure. Ban shiga gida ba, gona na wuce, ina lissafin abin da zan gaya wa mata da yara in rumbu ya tashi rabi.

Na tarar an shuke ta tas. Layukan sun karkace kamar sawun maciji, wani ya hau kan wani. Yaya na zaune ƙarƙashin aduwa, sungumi a gefensa, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Shi ya yi ta saran ramuka da lalube, matanmu na binsa da iri suna karkato shi in ya nufi gonar maƙwabci.

Ya ji takuna ya ce, “Kai ne? To, wa ya ci?”

“Babu, Yaya. Ruwa ya sauka, suka watse suna tsaki.”

“Tsaki? Don an yi ruwa?” Ya yi dariya har hawaye ya fito daga idanun da ba sa gani. “Allah ya shirye su. Zauna, fara mini tun daga jifan farko.”

Na zauna na ba shi duka, har da muryar mutumin akwatin, yana gyara mini inda na kuskure. Tafiyar nan ta koya mini cewa mai ba da labari nasa yake wasawa, ko a Gure ko a bayan teku, don haka ni ma ga shi na wasa nawa, Yayana. Geron ya tsiro a karkace yadda Yaya ya sare shi, kuma ban gyara ko rami ɗaya ba.