Sahu biyar da daro a ka: jinjina ga Baba Zacharias Kure

Kafin rana ta fito Baba Zacharias Kure ya baro Karmo, yana cikin lambunsa na bakin titi a Gwarinpa da butar ban ruwa. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana renon itatuwan kan tsauni masu siririn ganye, irin da mutane ke kira bishiyar Kirsimeti. Wasunsu wadanni ne, shekara goma ba su wuce gwiwa ba. Zafin Abuja ba ya raga musu, shi kuma bai taɓa sallama masa su ba.

Bara ya kai kansa Mambila, ya yanko rassa arba'in daga wata tsohuwar bishiya da ake shirin sarewa. Aka kuwa sare ta. Sauranta a duniya ke nan, cikin baƙaƙen ledoji a rumfarsa.

Sun fara saiwa ke nan, wata Talata da hantsi, katafilar masu faɗaɗa titi ta tsaya a bakin lambun.

"Baba, twelve o'clock za mu shiga," in ji shugaban leburorin. "Ba ni ne na sa ba."

Meshach, direban a-kori-kura da ke lodi a wurin, ya ce a zuba komai a motarsa a kai gidan Hajiya Sa'adiya, wata mai sayen fulawa a wurin Baba, wadda ta ba shi aron filin da ke bayan gidanta.

"Wannan ba zai shiga mota ba," Baba ya ce, yana nuna rassan. "Saiwan kamar gashi ne. Rami ɗaya, ya tsinke."

Ya naɗa gammo, ya jera takwas a daro, ya ɗora a ka. Tafiyar kilomita guda zuwa gidan Hajiya, yana taka ƙasa a hankali, gumi na shiga masa ido ba halin sharewa. Meshach ya yi ta lodin abin da hannunsa ya kai. A sahu na huɗu direban katafila ya riga ya tayar da inji. Yana ɗaukar daro na biyar ƙarfe ya ci rumfar. Rabin fulawoyin da yake sayarwa ya ci abinci suka bi ƙasa, bai waiwaya ba don kada daron ya karkata.

Kai ne, Baba, mai wuyan ƙarfe. Ni da na tsaya kallo ban karɓe ka ko sahu ɗaya ba, har yau kunyar nan na cina.

Talatin da ɗaya suka rayu. Wuyan kuwa bai sake komawa daidai ba, shi ya sa watan nan yake ajiye aiki. Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da ke da fili da lafiya, mu je mu koyi yankan reshe a wurinsa tun yana iya nuna mana.