Agogon da Babu

Ina zaune a ofishin sayar da hannun jari sai ga wani mutum, turarensa ya riga shi sallama. Shaddarsa tana ƙyalli, makullin mota yana juyi a yatsarsa. Amma ni hannunsa na hagu nake kallo, inda fata ta yi haske a gurbin agogo.

Ma'aikaciyar tana yi masa bayanin jarin da ke girma a hankali, shekara biyar.

"Ƙanwata, shekara biyar ai sai mai dashen itace," in ji shi. "Wanne ke haihuwa kafin ƙarshen wata? Abokina zai aurar da 'ya, kuma ba a saba ganina a baya ba."

"Yallaɓai, mai saurin haihuwa shi ke saurin mutuwa."

"Shi nake so," in ji shi yana dariya, ya zaro wani ambulan daga aljihu.

Ban yarda da dariyarsa ba. Ina zargin agogon ne ya koma kuɗin da ke cikin ambulan ɗin da yake tura mata, kuma makullin zai bi sahu.

Yana gama cike takarda sai ya ɗaga hannu zai duba lokaci. Fata ya gani. Ya yi maza ya ja hannun riga.