Layin Yaya Sabi'u

Shekara huɗu ke nan cif da rasuwar yayana Sabi'u, Allah Ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin rashinsa kamar wannan kakar ba.

Shi ya buɗe wa ƙungiyarmu ta mata masu zoɓo a Babura shafin intanet da adireshin imel. Ina tuna ranar da ya zauna a shagonsa na Kazaure yana cusa wasu layuka uku a saitin shafin, ni kuwa ina ta azalzalarsa mota za ta tashi. Ya ce, "Hadiza, hatimi nake buga muku. Saƙon talla in ba hatimin gidanku, kwandon shara ake jefa shi, kuma kowane ɗan damfara zai iya rubutu da sunanku. Zo ki koya." Na ce sai wani zuwan. Wani zuwan, rasuwarsa ce ta kawo ni.

Bana muka sauya kamfanin da ke tura saƙonninmu na imel, da kaifin bakina kuwa, ni na kawo shawarar. Muka sanar da dillalan Kano da Legas cewa zoɓo ya iso. Shiru. Sati biyu, wani Alhaji ya kira ya ce ya tsinci saƙonmu a shara, har ya sayi nasa a wani wuri. Sabon kamfanin ba ya cikin hatimin. Buhunan zoɓo na jibge a ɗakin ajiya, launi na dushewa, mata na tare ni a hanya.

Gyaran layi ɗaya ne, aka ce, amma sai an shiga saitin, kuma lambar sirrin shiga, wayar Yaya ake tura ta. Na tabbata layin wayarsa ya daɗe da mutuwa. Da yana raye da ya yi mini dariya son ransa, sannan ya gyara kafin shayi ya huce.

A rabon gado wayar ta faɗa hannun Inna, mahaifiyarmu, a Roni. Na hau acaɓa na je ba da wani fata ba. Ta kwance ta daga bakin zane, ga ta da caji.

"Duk Juma'a ina kiran ƙanwata da ita," ta ce. "An ce in ba a kira, wani za a ba lambar. Ba na son in ji baƙo a lambar Sabi'u."

Na nemi lambar shiga, saƙon ya shigo wayar muna zaune. An gyara, dillalai biyu sun amsa, saura muna jira.

Hatiminsa na nan, yana tsaron sunanmu. Sai dai abin da ke riƙe da shi tsohuwa ce mai shekara saba'in da 'yan kai, idonta ya fara hazo. An ce in mayar da shigar kan lambata, minti biyar ne. Na buɗe wurin sau uku. Sai an goge lambarsa tukuna, kuma hannuna ya ƙi.